Godiyar kaka ta zo amma zuciyata babu godiya, munafunci ne in na fita rawa?

Malam_Tunfure:

Salama 'yan'uwa a cikin Ubangiji. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya cika min ciki shi ya sa na ce bari in amayar. Don Allah kafin a fara jefo min ayoyi a karanta har ƙarshe.

Ni malami ne a wata makarantar kuɗi a nan Gombe, lissafi nake koyarwa. Wata uku ke nan rabona da cikakken albashi, mai makarantar kullum magana ɗaya, iyaye ba su biya ba a ƙara haƙuri. Albashin ma da ake magana ko kusa bai kai dubu 70 ɗin da gwamnati ta sa wa hannu a 2024 ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na gane albashi kaɗai ba zai riƙe gida ba, kuɗin keke daga Tunfure zuwa wurin aiki kawai ya isa ya cinye kusan rabi, sai na ce bari in koma gonar babanmu can wajen Kaltungo. Bara na ga yadda masara ta yi kuɗi, buhu ya haura dubu 70 a idona, na ce to bana ni ma da ni za a yi. Na karɓi ɗaukar adashen matata, na ranci wani abu wurin surukina, na sayi kamfa da yuriya da maganin feshi, duk Asabar ina kan hanyar Kumo, wani lokacin a bayan a-kori-kura don shi ne mai sauƙi. Kuma gaskiya gona ta yi kyau, ba zan yi wa Allah ƙarya ba, buhu 14 na samu. Sai da na zo sayarwa na ga buhu biyu na masara da kyar suke sayen buhu ɗaya na takin da na zuba. Na zauna da biro da takarda, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane lissafi, na buga na sake bugawa, ko na sayar da duka ban fita bashi ba.

To ga Lahadi mai zuwa godiyar kaka a cocinmu. An riga an raba ambulan, da sunan kowa a jiki. Kun san yadda ake yi, a kira gida gida, mawaƙa su ɗauki waƙa, a taso ana rawa daga baya har gaba, wannan da akuya wancan da buhun shinkafa, 'yan Zumuntar Mata suna guɗa. Matata tun jiya ta ciro anko ta goge. Ni kuwa da na ɗauki ambulan ɗin nan abin da na ji a raina ba godiya ba ne, haushi ne. Shekaranjiya da dare ƙaramar 'yata ta yi addu'ar abinci ta ce mun gode Yesu da ka ba mu tuwo, ka ba mu kifi gobe, kowa ya yi dariya ni kuma na kasa haɗiye lomar.

Na san 1 Tasalonikawa 5:18, ni nake koyar da ita a makarantar Lahadi. Na san Ayuba. Na san akwai waɗanda suka fi ni shan wahala, akwai 'yan'uwanmu da ko gonar ma ba su iya zuwa saboda tsoro. Sanin duk wannan bai canza abin da nake ji ba sai ma ƙara min jin laifi da yake yi. Tambayata ita ce, in na fita na yi rawa ina murmushi alhali ciki na tafasa, ba munafunci na yi a gaban Allah ba? Ko in yi zamana a gida in ce zazzaɓi? Sannan wannan wadar zuci da ake ta wa'azi a kai, ma'anarta in yi shiru in ci gaba da zuwa aiki wata na huɗu ba a biya ni ba?

Sojan_Yesu:

Ɗan'uwa ka tuba kawai. Gunaguni ne ya hana Isra'ilawa shiga Kan'ana, shekara 40 suna zagaye a jeji. Kana da rai kana da lafiya kana da buhu 14 kana cewa haushi? Je ka asibiti ka ga masu neman numfashi. Shaiɗan ne yake so ya sace maka albarkarka, ka tsawata masa.

Maman_Ladi:

Kai Sojan Yesu a hankali mana, mutum ya kawo kukansa ka tare shi da bulala.

Malam sannu, ni daga Biliri nake, kuma ina ganin na girme ka don haka bari in yi maka magana kamar ƙanena. Shekarar da maigidana ya rasu a watan takwas ne, masara ta fara bunni, ba wanda ya bi ta kan gona don muna ta jinya, muka tashi ba ko dami ɗaya. Da godiyar kaka ta zo ni da yara huɗu ba abin da za mu ɗauka. Na shiga jeji na yanko tsintsiya na ɗaure guda uku, su muka riƙe muka fita. Ba zan ce maka na ji daɗi ba, ban ji ba, ƙafata kamar an ɗaura mata dutse, idona a ƙasa don kar in haɗa ido da kowa, kuma da aka zo gwanjon kaya bayan sujada ba wanda ya taya tsintsiyata, sai mai sharar coci ne ya kwashe. Na koma gida na rufe ƙofa na yi kuka har na gode Allah, in ka gane abin da nake nufi.

Amma ko a ranar ban ɗauka na yi munafunci ba, har yau ma ban ɗauka ba. Munafunci shi ne in ce wa Allah lafiya lau alhali ba lafiya ba. Ni kuwa abin da na faɗa masa a hanya daga benci zuwa gaba shi ne, ka ɗauke min miji, ban gane ba, raina a ɓace yake, amma ga ni na zo don ba ni da wani wurin zuwa. Wannan ai ba ƙarya a ciki. Na'omi ma da ta koma Baitalami cewa ta yi kar a ƙara kiran ta Na'omi a kira ta Mara, don ta fita a cike ta dawo hannu wofi, a gaban matan gari ta faɗa ba a ɗaki ba, kuma lokacin ma farkon girbin sha'ir ne kowa na murna. Ba inda na karanta cewa Allah ya hukunta ta a kan wannan maganar.

Daɗin zuciyar da kake nema ni sai bayan kusan shekara biyu ya dawo min, kuma ba rana ɗaya ba. Abin da na riƙa yi, in mun gama cin abinci da dare kowane yaro sai ya faɗi abu ɗaya da ya samu ranar, ko da fensir ne ya tsinta. Da farko don su nake yi, kar su taso da ɗacin rai irin nawa. Daga baya na ga ni ce ma nake jiran lokacin.

Abu ɗaya kuma da zan ja kunnenka a kai, kar ka kuskura ka bar matarka ta fita ita kaɗai da yara. Adashenta ne ya shiga gonar nan, ita ma asarar ta ci ta, goge ankon da ka ga tana yi ba wai ba ta san lissafin ba ne, rufin asirin gidanka take yi. In ka kwanta ka ce zazzaɓi ita za a yi ta tambaya ina Malam, ita za ta yi maka ƙaryar.

DanYelwa_Bauchi:

Mama kin yi magana, amma ni bari in taɓo ɗayan ɓangaren da ba a so a taɓa. Yaya Malam tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi damuna. Ni na gama makaranta shekara huɗu ke nan keke nake ja a nan Bauchi, daga Yelwa zuwa Wunti zuwa Muda Lawal, kuma keken ma ba nawa ba ne balas nake kaiwa kullum ko an samu ko ba a samu ba. Na gaji da jin wa'azin wadar zuci daga bakin mutanen da suka zo coci a mota mai sanyi. Kullum talaka ake ce wa ya gode ya yi haƙuri, ban taɓa jin an tsaya a bagade an karanta Yakubu 5:4 da ƙarfi ba, inda aka ce hakkin ma'aikatan da kuka danne yana kuka kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji. Me ya sa? Don mai danne albashin sau da yawa shi ne yake zaune a bencin gaba, shi ne zai kawo sa ranar godiya a yi masa tafi. Da kuɗin wa ya sayi san?

Ba ina cewa kar a gode wa Allah ba ne, ni ma duk dare in na ajiye keke lafiya ina godiya don na ga abin da hanya take yi wa mutane. Amma Allah daban mai makaranta daban. Allah ya ba ka ruwan sama ya ba ka buhu 14, shi ya yi nasa. Wanda ya riƙe maka wata uku mutum ne mai suna mai adireshi, kar a haɗa maka su biyun a cikin buhu ɗaya a ce in ka nemi hakkinka ka zama marar godiya.

Sannan maganar ambulan mai suna da karanta wa jama'a wane ya ba da kaza, wannan ni har ga Allah ban san daga ina muka samo shi ba. Yesu cewa ya yi kar hagu ta san abin da dama take yi, mu kuma har da lasifika. Na san mutane a unguwarmu da suke cin bashi don kawai kar a kira sunansu a ji ɗari biyar. Wasu kuma ranar godiya ce kaɗai ranar da ba sa zuwa sujada a shekara. To wannan godiya ce ko gasa?

Baba_Mai_Ritaya:

Salama gare ku duka. Jikata ce take buga min wannan a waya ina faɗa mata, in kun ga kuskure nata ne.

Ɗana Malam, na yi aikin bishara da na fasto shekaru masu yawa a ƙasar Tangale da Waja kafin in huta, kuma tambayarka ba sabuwa ba ce a kunnena, sai dai yawanci a ɓoye ake kawo min ita bayan an tashi sujada. Na ji daɗi da ka faɗe ta a fili.

Bari in fara da ɗana Sojan Yesu. Gaskiya ne gunaguni zunubi ne, amma ka duba da kyau wa Isra'ilawa suke yi wa magana. A cikin Fitowa 16 da Littafin Ƙidaya 11 junansu suke zuga, suna cewa gara Masar, can muna cin kifi da kankana da albasa, wato sun juya wa Allah baya suna ƙorafi a kansa. Mai Zabura kuwa fuskantar Allah yake yi ya ce har yaushe za ka manta da ni. Kalmomin na iya yin kama amma inda fuska take kallo ya bambanta. Zabura 88 daga farko har ƙarshe kuka ne, da duhu ma ta ƙare, ba ko aya ɗaya ta murna, kuma an bar ta a cikin littafin waƙoƙin sujada na mutanen Allah. Habakuk da muke son karanta ƙarshensa a ranar godiya, ko ɓaure bai yi toho ba ko garke ya ƙare zan yi murna da Ubangiji, mutane suna mantawa cewa surar farko da faɗa ya buɗe ta, yana tambayar Allah don me yake kira ba a amsawa. Sai da ya bi ta sura ɗaya da biyu kafin ya iso ta uku. Mu kuma muna so mutum ya yi tsalle ya dira a ta uku ranar da ya dawo daga kasuwa da asara.

Game da 1 Tasalonikawa 5:18, za ka ji masu wa'azi suna cewa a cikin kowane hali aka ce ba domin kowane hali ba. Haka ne, ni ma na sha faɗa, amma kar in ruɗe ka, Afisawa 5:20 ta ce domin kowane abu, don haka wannan dabarar ba ta kuɓutar da mu gaba ɗaya. Abin da ni na tsaya a kai bayan shekarun nan shi ne, umarnin na yin godiya ne, ba na jin daɗi ba. Ba a iya umartar zuciya ta ji daɗi, amma ana iya umartar baki ya faɗi gaskiya. Ruwa ya sauka, gaskiya ne. Gona ta ba da buhu 14, gaskiya ne. Kasuwa ta karye, bashi na wuyanka, wannan ma gaskiya ne. Ka faɗi duka ukun a gaban Allah, ba ka yi munafunci ba.

Wadar zuci kuma, ka lura da kalmar da Bulus ya yi amfani da ita a Filibiyawa 4:11, cewa ya yi na koya. Kai malami ne ka san abin da ake koya ba a haihuwar mutum da shi, kuma ɗalibi yakan faɗi jarrabawa kafin ya ci. A kurkuku ya rubuta wannan, kuma a wannan wurin dai yake gode wa mutanen Filibi saboda gudummawar da suka aiko masa ta hannun Abafaroditus, bai ce su mai da kayansu shi ya wadatu ba, karɓa ya yi. Sannan ɗana na Yelwa, ga abin da zai yi maka daɗi. A wannan garin na Filibi aka yi wa Bulus da Sila dūka aka jefa su kurkuku, da tsakar dare suna waƙa suna yabon Allah, wannan kowa ya sani. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ce a'a, sun doke mu a bainar jama'a ba shari'a alhali mu Romawa ne, su zo da kansu su fitar da mu. Ayyukan Manzanni 16 ne, ku karanta. Bakin da ya yi waƙa da dare shi ne ya nemi hakki da safe. Don haka Malam ka je wurin mai makarantarku, kar ka je kai kaɗai, ku haɗu da sauran malaman ku rubuta a takarda da ladabi, wata nawa, nawa ne, yaushe za a biya. Dokar Musa ma cewa ta yi kar ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka.

Maganar abin da za ka kai gaba kuwa, a Littafin Firistoci 5 an ce wanda bai iya kawo rago ba ya kawo kurciya biyu, wanda ko kurciyar bai iya ba ya kawo gari. Yusufu da Maryamu da suka kai Yesu Haikali tsuntsaye biyu suka miƙa, hadayar talaka. 2 Korantiyawa 8:12 ta ce gwargwadon abin da mutum yake da shi ake karɓa ba abin da ba shi da shi ba. Kar ka ci bashi don ambulan. Kana da masara, ka kai masara, ai godiyar kaka ce ba godiyar banki ba. Tun da bishara ta iso Kaltungo a 1917 iyayenmu da damin dawa da kwaryar gyaɗa da kaza suke fita, ni na ga wannan da idona ina yaro. Na kuma ga farin 1973, na ga layin sayen madara da sabulu na 1984, ba a fasa godiya ba amma ba wanda aka karanta sunansa. Laifin wannan sabon salon har da mu fastoci, ni ma a shekarun ƙarshe na aikina na bari an yi don ana ginin majami'a ana neman kwano, kuma ban ji daɗin tuna shi ba.

Sojan_Yesu:

Na ji Baba, na karɓi gyara. Malam ka yi haƙuri da zafin bakina. Amma dai har yanzu ina nan a kan cewa a yi hankali, daga kuka zuwa gunaguni ba nisa.

Hajara_Tudun_Hatsi:

Ni ba zan shiga maganar ayoyi ba su Baba sun gama, sana'ata hatsi ce a Tudun Hatsi shekara goma sha, bari in faɗi abin da na sani. Malam ba kai kaɗai ba ne, bana har manyan da suka tara kaya a sito suna jiran tsada sun sha kashi, wasu sun sayi buhu da tsada sun sayar ƙasa da rabi, akwai wanda na sani hawan jini ya kwantar da shi. Don haka ba zan ce maka ka ajiye farashi zai tashi ba, ban sani ba, duk wanda ya ce maka ya sani ƙarya yake.

Amma ka daina lissafin masarar nan da kuɗin kasuwa kaɗai. Gidanka mutum nawa ne, ku biyar ko shida? Ka ware abin da za ku ci har wata kakar ka sa a gefe, wannan ba na sayarwa ba ne ko wa ya zo. Wanda yake da tuwon shekara a ɗaki a wannan zamanin ba ƙaramin mutum ba ne, albashi ya makara ko bai makara ba yara za su ci. Ka tabbata ta bushe sosai, ka ciza ƙwaya ka ji ta yi ƙas, sannan ka zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban, ba sai ka sa magani ba, kuma kar ka jingina da bango ko ka ajiye a kan siminti, ka sa katako a ƙasa. Surukinka kuma ka je da kanka ba a waya ba, ka ce ga halin da ake ciki, ko zai karɓi wani ɓangare da masara, shi ma ai tuwo yake ci. Adashen matarka shi ne kar ka yi wasa da shi don zubi ba ya jira, in ta gaza mata za su ci mata fuska, a nan za ka sayar da buhu uku ko huɗu ko ba daɗi.

Baɗi in Allah ya kai mu kar ka zuba komai a masara, ka raba da wake ko waken suya ko gyaɗa, ba su cin taki kamar ta.

Malam_Tunfure:

'Yan'uwa na dawo, ku yi haƙuri kwana biyu ba data. Na gode ƙwarai, Baba na gode, a gaida jikar da ta sha bugu. Mama maganarki a kan matata ta shige ni, don da na tambaye ta daren Asabar ashe ta riga ta buga lissafin tun kafin ni, har ta san nawa ya rage a adashen, shiru kawai ta yi don kar ta ƙara min.

Mun je. Na auna tiya biyar a wani ɗan buhu na ɗora a kafaɗa, ambulan ɗin kuma na sa shi a aljihu na dawo da shi yadda aka ba ni. Ba zan ce na yi rawa ba, tafiya dai na yi ina ɗan gyaɗa kai, matata da yara su suka yi rawar. Waƙar ma ban iya bi ba, abin da nake maimaitawa a raina kawai shi ne ruwa ya sauka, gona ta yi, bashi na nan, kamar yadda Baba ya ce. Da sakatare ya zo karanta sunaye ya iso kan namu ya ɗan yi shiru yana juya takarda, ya ce gidan Malam, masara, ya wuce. Kunya ta kama ni ba zan ɓoye ba, na ji kamar kowa ni yake kallo, ko da yake da na ɗaga kai kowa na ta fifita da takardar shiri ne don zafi. A wurin gwanjo wata tsohuwa ce ta saye masarar a farashin kasuwa ba ko sisin ƙari.

Haushin bai tafi duka ba. Jiya ma da na wuce shagon mai taki sai da na ji wani abu ya taso min. Amma na iya cin abinci, kuma mun fara abin nan na Mama da dare, babban ɗana ya ce abin da ya samu shi ne malaminsu bai zo ba, to ban san ko wannan ya shiga lissafi ba.

Maganar makaranta, mu shida muka sa hannu a takardar, biyu sun ƙi don tsoron kora kuma ban ga laifinsu ba. Mai makarantar ya karanta ya ɓata rai ya ce bai zaci haka daga gare ni ba ni da nake jagorantar addu'ar safe, na ce masa ranka ya daɗe ai shi ya sa. Ranar Laraba aka turo mana rabin wata ɗaya, saura biyu da rabi, ya ce ƙarshen wata. Surukina kuma sai Asabar zan je Kaltungo, gabana na ɗan faɗuwa don mutum ne mai magana ɗaya.

Yaya Hajara, buhun nan mai leda nawa ake sayarwa yanzu a wajenku, kuma wanda aka taɓa amfani da shi bara zai yi in ba ya huje? Akwai guda huɗu a wurin maƙwabcina ya ce in zo in duba.